Tarihin Domenico Modugno, mawaƙin da ya cinye Grammy na farko da waƙar Italiyanci

Duk shekara idan lokacin Grammy ya zo sai ka ji matasa an kaure da musu, wannan ya ce an yi wa gwaninsa magudi, wancan ya ce ai Turawan nan ba sa ba wa wanda ba ya waƙa da Turanci babbar kyauta. To ga wani abu da da yawanmu ba mu sani ba. A ranar 4 ga Mayu 1959 aka fara raba kyautar Grammy a tarihi, kuma manyan kyaututtuka biyu na daren, wato faifan shekara da waƙar shekara, duk mutum ɗaya ne ya kwashe su, da waƙar da babu kalmar Turanci ko ɗaya a cikinta. Cikin waɗanda ya kayar har da Frank Sinatra da Peggy Lee. Sunansa Domenico Modugno, mutanen Italiya kuma Mimmo suke ce masa. Asalin sunan waƙar Nel blu, dipinto di blu, amma duniya da Volare ta san ta. Ko ba ka san sunan ba, da wuya a ce amshinta bai taɓa shiga kunnenka ba, ko a fim, ko a talla, ko a bakin 'yan kallon ƙwallo na Turai da suke canza mata baiti suna yi wa 'yan wasansu kirari.

An haife shi ranar 9 ga Janairu 1928 a Polignano a Mare, wani ƙaramin gari da ke ɗare a kan duwatsun bakin teku a yankin Puglia, can kudancin Italiya. Idan ka kalli taswirar Italiya mai kama da takalmin sau-ciki, to wajen dunduniyar ke nan. Shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa shugaban 'yan doka ne na ƙaramar hukuma, kuma aiki ya sa aka mayar da shi wani gari mai suna San Pietro Vernotico tun Mimmo yana yaro. Ku riƙe wannan ƙaurar da kyau, don ita ce ta jawo masa rigimar da ta bi shi kusan har kabari. A can ya girma, a can ya koyi kaɗa jita da akodiyon, kuma karin harshen mutanen can ne ya zauna masa a baki. Shi kuwa wannan karin harshe, duk da ba a tsibirin Sisili ake yin sa ba, ya yi kama da na mutanen Sisili ƙwarai, har wanda ba ɗan yankin ba ba zai iya bambancewa ba.

Kudancin Italiya a lokacin talauci ne zalla, ga yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba. Duk saurayin da ya tasa arewa yake nufa neman kuɗi. Shi ma a 1947 ya tattara ya tafi Turin, garin kamfanin motocin Fiat. Ya yi aikin kai abinci a teburi, ya yi yaron mai faci. Bayan ya yi aikin soja na dole, sai ya nufi Roma.

Abin da ya kai shi Roma fa ba waƙa ba ce. Fim yake so. Ya samu shiga makarantar koyon fim ta gwamnati, Centro Sperimentale di Cinematografia, kuma a nan ya haɗu da mutum biyu da suka zauna a rayuwarsa har ƙarshe: Franca Gandolfi, 'yar wasa, wadda ya aura a 1955, da Riccardo Pazzaglia, wanda suka rubuta waƙoƙi da yawa tare. A 1951 ya samu ɗan ƙaramin rol a fim ɗin Filumena Marturano na Eduardo De Filippo. A shekarar da ta biyo baya ya fito a Carica eroica a matsayin soja ɗan Sisili, inda ya rera wata waƙar rarrashin yara. Wannan 'yar waƙar ce ta sa gidan rediyon gwamnati ya kira shi, aka ba shi fili yana rera waƙoƙinsa da karin harshen garinsu.

Daga nan ƙaryar ta samo asali. Masu sauraro suka ɗauka ɗan Sisili ne. Masu shirye-shirye ma suka ga hakan ya fi ciniki, domin Sisili tana da suna, kowa ya san ta, ita kuwa Puglia ba wanda ya damu da ita a wancan zamani. Shi kuma Mimmo bai musa ba. Aka ci gaba da tallata shi a haka, jaridu suna rubutawa, shi yana shiru, wani lokacin ma da bakinsa yake amsawa. Mutanen Polignano suna ji suna gani ɗansu na cikinsu ya zama na wasu. Ba su manta ba.

Ni a ganina, duk wanda yake son ya gane waƙoƙin Modugno to ya fara da sanin cewa ɗan fim ne ya shigo waƙa. Kowace waƙa tasa ta farko kamar gajeren fim take, da jarumi, da wuri, da yadda labari zai ƙare. Ɗauki Lu pisci spada ta 1954. Labarin masunta ne da ke farautar wani babban kifi mai dogon baki kamar takobi. Sun soki macen da mashi, namijin kuma ya ƙi gudu, ya yi ta bin jirgin har shi ma aka soke shi. A cikin waƙar yana kwaikwayon ihun masunta, yana bubbuga cikin jitarsa da hannu kamar ganga. A lokacin da sauran mawaƙan ƙasar ke ta waƙar uwa da furanni da hawayen masoya cikin lallausar murya, shi ya zo da ƙarnin kifi da gumin leburori. Ya yi wa masu haƙar ma'adinai waƙa, ya yi wa dokin da ya makance a ramin ma'adinai waƙa.

Sai kuma Vecchio frac ta 1955, wadda ni dai ita na fi so a duk waƙoƙinsa, har gaba da Volare. Wani mutum ne cikin shigar manya, kwat mai jela da doguwar hula da sanda, yana tafe shi kaɗai a titi da tsakar dare bayan kowa ya yi barci. Ba a faɗa maka ko shi wane ne ba, ba a faɗa maka me ya dame shi ba. Da gari ya waye sai kayansa kawai aka gani ruwan kogi yana tafiya da su. Ko sau ɗaya ba a ambaci mutuwa ba, amma ka gane abin da ya faru. Abin da ya ja hankalinsa ya rubuta ta shi ne mutuwar wani ɗan sarauta na Sisili, Raimondo Lanza di Trabia, wanda ya faɗo ta tagar otal a Roma a 1954. Da ta fito ba ta yi wani tashe ba. Sai bayan ya yi suna mutane suka waiwaye ta suka gane lu'ulu'u ce aka bari a ƙasa.

Yanzu bari mu zo kan 1958. Akwai gasar waƙa da ake yi duk shekara a garin Sanremo, kusa da iyakar Faransa, tun 1951, kuma har gobe ita ce babbar gasa a Italiya. Tsarin lokacin zai ba mu mamaki, mu da muka saba mawaƙi shi ke tsara abinsa ya rera: a can marubuci daban, mai rerawa daban. Marubuci ya kawo waƙa, a ba wa ƙwararrun mawaƙa biyu kowa ya rera ta da salonsa. Modugno ya riga ya saba da zaman bayan fage, don a 1956 wani ne ya rera masa waƙarsa Musetto a Sanremo, a 1957 kuma Aurelio Fierro ya kai masa Lazzarella mataki na biyu a gasar birnin Napoli. To a wannan karon sai ya zo da waƙar da suka rubuta da abokinsa Franco Migliacci, wanda ya ce zane-zanen mai zane Marc Chagall ne suka sa masa tunaninta. Labarin mafarki ne: mutum ya shafa wa fuskarsa da hannuwansa shuɗin fenti, iska ta ɗauke shi ya yi sama yana shawagi. Waƙa ce da ba ta yi kama da komai da aka saba ji ba, kuma a ƙarshe shi da kansa ya hau dandamali ya rera ta, tare da wani matashi mai suna Johnny Dorelli a matsayin mawaƙi na biyu.

Mawaƙan wancan zamani a ƙame suke tsayawa gaban makirfo, hannu ɗaya a ƙirji kamar masu rantsuwa. Shi kuwa da ya zo amshi sai ya ware hannuwansa biyu kamar zai tashi, ya saki murya iya ƙarfinsa. Ku nemi bidiyon ku kalla, baƙi da fari ne amma za ku ga abin da nake nufi. Wannan ba dabarar mawaƙi ba ce, dabarar ɗan wasa ce wanda ya san abin da jiki ke faɗa kafin baki ya buɗe. Ya ci gasar, ya bar Nilla Pizzi, sarauniyar Sanremo ta lokacin, a mataki na biyu. Kuma abin ya zo daidai da lokacin da ƙasar ta fara farfaɗowa: talabijin ta shigo a 1954, ƙaramar motar Fiat 500 ta fito a 1957, masana'antu suna ta ɗaukar ma'aikata. Mutanen da suka sha yunwa da bama-bamai sun samu waƙar da ta yi daidai da yadda suke ji.

Abin dariya, da aka kai ta gasar ƙasashen Turai ta Eurovision a Hilversum ta ƙasar Holan a wannan shekarar, ta uku ta zo cikin ƙasashe goma. Har sai da aka sa shi ya sake rerawa saboda na'ura ta samu matsala wasu ƙasashe ba su gan shi ba a karon farko. Faransa ce ta ci. Yau in ka tambayi mutum dubu waƙar da ta ci, da ƙyar ka samu ɗaya da ya sani. Ita kuwa ta ukun ta tsallaka Amurka ta yi sati biyar a saman jadawalin Billboard, aka kuma bayyana ta a matsayin waƙar da ta fi kowace tashe a 1958. Amurkawa suka laƙaba masa Mista Volare. Dean Martin ya yi tasa, Bobby Rydell ya yi tasa a 1960, David Bowie ya rera ta a fim ɗin Absolute Beginners na 1986, Gipsy Kings suka mayar da ita kiɗan rawa a 1989. Kamar yadda aka saba, inda kuɗi ya fito sai mai ƙorafi ya fito: wani ya ce satar waƙarsa aka yi, aka je kotu, kotu ta wanke Modugno.

Da yawa in suka samu irin wannan sai ka ji ɗif, waƙa ɗaya ta cinye su. Shi bai tsaya ba. A 1959 ya sake cin Sanremo da Piove, wadda aka fi sani da Ciao ciao bambina. Ya sake ci a 1962 tare da Claudio Villa, ya ƙara a 1966 tare da Gigliola Cinquetti da waƙar Dio, come ti amo. Sau huɗu ke nan, kuma shi da Villa ne kaɗai suka taɓa kai wannan adadi. A tsakani ya ci gasar Napoli ta 1964 tare da Ornella Vanoni. Elvis Presley ma ya ɗauki waƙarsa mai suna Io aka sa mata baitocin Turanci ta koma Ask Me. Amma fa mutum ne mai taurin kai. A Eurovision ta 1966 a Luxembourg ya yi rigima da masu shirya gasar kan yadda za a kaɗa masa kiɗa, ya ƙi babbar ƙungiyar makaɗan da aka tanada ya hau da 'yan makaɗansa kaɗan. Sakamako: maki sifili, na ƙarshe. Mai Grammy biyu fa!

Duk wannan lokacin bai saki wasan kwaikwayo ba. A 1961, da Italiya ke bikin cika shekara 100 da haɗewa ƙasa ɗaya, ya jagoranci wasan daɓe mai waƙoƙi, Rinaldo in campo, shi ya rubuta kiɗan, shi ne kuma jarumin. Rol ɗin me aka ba shi? Ɗan fashin daji na Sisili. Kun ga rigar aron ta ƙara zama masa daram. A wannan wasan ne ya jawo wasu 'yan barkwanci biyu, Franco Franchi da Ciccio Ingrassia, waɗanda daga baya suka zama manyan taurarin ban dariya na ƙasar. Ya ba da umarnin fim nasa na kansa a 1963, Tutto è musica. Darakta Pier Paolo Pasolini ya sa shi wani abu da ban taɓa jin irinsa ba: a fim ɗin Uccellacci e uccellini na 1966, sunayen 'yan wasa da ma'aikata da ake rubutawa a farkon fim, Modugno ne ya rera su ɗaya bayan ɗaya a kan kiɗan Ennio Morricone. Eh, Morricone ɗin nan dai na finafinan kaboyi. A 1972 ya fito tare da Alberto Sordi da Bette Davis a Lo scopone scientifico, daga 1973 kuma ya hau daɓe ƙarƙashin babban darakta Giorgio Strehler a wasan Bertolt Brecht. Idan aka haɗa, ana lissafa masa waƙoƙi wajen 230 da finafinai 38.

Ba komai ne ya tafi masa daidai ba. A 1968 ya kai wa Sanremo waƙar Meraviglioso, labarin mutumin da ya tsaya kan gada da dare yana shirin faɗawa ruwa, sai wani mai wucewa ya janye shi ya tuna masa abubuwan da duniya ta ba shi. Alƙalan tantancewa suka ƙi ta. Shekara guda kafin nan mawaƙi Luigi Tenco ya mutu a ɗakin otal ana tsakiyar gasar bayan an cire waƙarsa, hukuma ta ce kashe kansa ya yi, don haka ba wanda yake son a sake taɓo zancen. Yau tana cikin waƙoƙinsa da aka fi so, musamman bayan ƙungiyar Negramaro, 'yan yankinsu na Puglia, sun sake ta a 2008.

A shekarun 1970 matasa sun koma wa sababbin mawaƙa masu rubuta nasu, irin su Lucio Battisti da Fabrizio De André, waɗanda shi ne ya buɗe musu ƙofa. Ya ci gaba da samun kasuwa da La lontananza a 1970, sai Piange il telefono a 1975, wadda asalinta waƙar Bafaranshe Claude François ce, hirar uba da 'yarsa da ba ta san shi ba ta wayar tarho. Ta sayu sosai har aka yi mata fim, amma gaskiya ni ba ta burge ni, neman hawaye ne da gangan, kuma mutumin da ya rubuta Vecchio frac ya fi ƙarfin haka. Wadda ta fi ta nesa ba kusa ba a wannan zangon ita ce Amara terra mia, da ya gina a kan tsohuwar waƙar gargajiya, bankwanan mai barin gonakin zaitun na kudu ya tafi ci-rani. Wannan kam ya san abin da yake faɗa, shi ma ta nan ya bi.

Ranar 12 ga Yuni 1984 yana cikin ɗaukar wani shirin talabijin na tashar Canale 5 a kusa da Milan sai bugun jini ya same shi. Mutum ne mai shan sigari kamar ba gobe. Ya tashi da shanyewar ɓarin jiki, magana ma da ƙyar. Yana da shekara 56. Ka yi tunanin mutumin da duniya ta sani da ware hannuwa biyu, yanzu ɗaya ba ya ɗaguwa, sai an tura shi a keke.

A nan ne labarin ya ɗauki wata hanya da ba wanda ya zata. Da ya ɗanɗana yadda ake yi da marasa lafiya da naƙasassu, sai ya shiga siyasa. A 1987 aka zaɓe shi ɗan majalisar wakilai a ƙarƙashin jam'iyyar Radicale, a 1990 ya koma majalisar dattawa. Mun saba ganin taurari sun shiga siyasa don a dama da su, shi kuwa inda ya sa ƙarfinsa shi ne asibitin masu taɓin hankali na Agrigento, a Sisili. Tun 1978 Italiya ta yi dokar rufe irin waɗannan gidaje da ake kulle mutane a manta da su, amma shekara goma bayan nan na Agrigento yana nan, marasa lafiya cikin ƙazanta da yunwa, wasu ko suturar kirki babu. Ya yi amfani da damarsa ta ɗan majalisa ya shiga ciki da kansa, aka kwarmata abin a jaridu, ƙasa ta ɗauka. A 1989 ya yi wasa a Agrigento domin waɗannan marasa lafiya, kuma shi ne hawansa dandamali na farko tun da ciwon ya kayar da shi. Sisilin da ya ci abinci da sunanta shekara da shekaru, ya biya ta bashinta ta inda ba ta zata ba.

Daga nan ya ɗan dawo fage, yana rerawa a zaune. A 1991 ya yi wasa a Roma, ya kuma je Carnegie Hall a birnin New York. Muryar ta dushe, numfashin ya ragu, amma mutane suna cika wuri.

Saura bashi ɗaya, na garinsu. A watan Agusta 1993, yana da shekara 65, ya koma Polignano a Mare. Aka zaga da shi bakin teku a jirgin ruwa, aka ratsa gari da shi a buɗaɗɗiyar mota, ranar 26 ga wata kuma ya yi wasa a gaban taron da aka ƙiyasta ya kai mutum 70,000, a garin da mazaunansa ba su kai 20,000 ba. A gaban wannan taro ya nemi gafararsu, ya bayyana musu cewa neman abin kaiwa baka ne ya sa ya bari aka ɗauke shi ɗan Sisili. Wasu za su ce ai ya makara, shekara arba'in fa. Ni dai na ga wanda ya riga ya samu duk abin da ake samu a sana'ar nan, ba abin da mutanen ƙaramin gari za su ƙara masa, amma ya sa aka turo shi a keke ya zo ya faɗa da bakinsa. A wannan shekarar ya ɗauki waƙarsa ta ƙarshe, Delfini, tare da ɗansa Massimo.

Bai cika shekara da wannan wasan ba, ranar 6 ga Agusta 1994, zuciyarsa ta buga a gidansa da ke bakin teku a tsibirin Lampedusa, yana da shekara 66. Sunan tsibirin ba baƙo ba ne a kunnenmu, shi ne dai wanda jiragen 'yan ci-ranin da suka bi ta Agadas da Libiya ke fafutukar kaiwa, ya fi kusa da Tunisiya a kan Sisili. A 2013 tashar gwamnati ta Rai ta yi fim mai kashi biyu kan rayuwarsa, Giuseppe Fiorello ya fito a matsayinsa, ga masu son su gani da ido. Mutanen Polignano kuwa tun 2009 suka kafa masa mutum-mutumin tagulla mai tsawon kusan mita uku a bakin ruwa, hannuwa biyu a ware, teku a bayansa, fuskarsa tana kallon gari.